Kafin mu zagi mai shafa man bilicin

Makon jiya na je wunin biki a Ƙofar Marusa. Wata gwaggo ta dubi ɗiyar ƙanwata, yarinya mai shekara 14, ta ce: "Ke kuwa wa kika ɗebo a baƙi haka? Gidanku duk farare." Mata suka kwashe da dariya. Yarinyar ta ja mayafi ta rufe hannuwanta, shinkafar ma a kwano ta bar ta.

In ta shekara 18 ta shiga kasuwa ta sayo man bilicin, gwaggon nan ce za ta fara cewa yaran yanzu ba su da godiyar Allah.

Illar man ba ɓoyayya ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya na amfani da kayan sauya launin fata, kuma a 2023 NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta ƙasa, ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan lamarin. Haɗin da ake ɗurawa a roba babu ko suna, sau da yawa akwai sinadarin hydroquinone mai sa fata ta yi haske a ciki, ko steroid mai sa fata ta yi sirara har jijiyoyi su fito, ko mercury mai taɓa ƙoda. Sai zafin ranar Katsina na watan Afrilu ya ƙarasa aikin: kumatu su ƙone, gaɓoɓin yatsu su yi baƙi ƙirin.

'Yan matan sun san wannan sarai. Sun dai auna ne, suka ga gorin da suke sha kullum ya fi musu ciwo a kan cutar da ba ta iso ba. Mu ne muke cewa farar mace lantarkin gida. Saurayi ya ce shi fara ko mayya ce, uwarsa kuma in ta fita nema masa mata, launi take fara dubawa kafin ta tambayi hali. Siririya ma ba ta tsira ba, a kira ta sillen kara har ta koma haɗiyar ƙwayar sha-ka-fashe, fuska ta kumbura, hawan jini da ciwon suga su biyo baya.

Malamanmu na yawan wa'azi kan canza halitta, kuma daidai ne. Amma ina so in ji an karanta wa iyaye aya ta 11 ta Suratul Hujurat a Islamiyyar matan aure, inda Allah ya hana mata yi wa mata izgili da jifa da munanan laƙabi. Can ne ciwon yake farawa.

Jiya ƙanwata ta kira ni. Akwai suna ranar Asabar a dangi, yarinyar ta ce ita ba za ta je ba.