Kangon Bakin Kwara: Nasiha Ga Samarin Lakwaja

'Yan'uwana matasa, musamman ku na Lakwaja, Allah ya yi muku albarka. Duk sanda wani ya ɗora hoton tsofaffin sito-siton Turawa na bakin Kwara a Facebook, rufi ya rufta, ciyawa ta kai taga, sai ku yi caa a kan gwamnati. A yi zagi a watse, kango yana nan yadda yake. To yau da ku nake.

Garin nan ba ƙaramin gari ba ne. Nan Kwara ta haɗu da Binuwai. Nan aka sauke tutar kamfanin Turawan Ingila na Royal Niger ranar 1 ga Janairun 1900, Gwamna Lugga ya fara mulkin Arewa. Nan Turawa suka riƙa kawo sarakunan da suka tuɓe. Sarkin Kano Alu, da aka kama a 1903, a Lakwaja ya rasu a 1926, kabarinsa na nan. Kanawa nawa ne ke yada zango a bakin titi, su ci kifi su wuce Kudu, ba wanda ya ce musu ga wurin ziyara?

Kamfanin John Holt da ya yi ciniki a kogin nan daga Libaful ta Ingila ya fito. Su ma can suna da irin waɗannan sito-sito a bakin kogin Mersey, ana ce wa wurin Albert Dock. An buɗe shi a 1846, aka rufe a 1972 bayan jiragen zamani sun fi ƙarfinsa. Laka ta cike tashar, har aka yi ta batun rushewa. A 1988 aka sake buɗe shi da gidajen tarihi da shaguna da wuraren cin abinci, a 2007 aka ƙara gidan tarihin cinikin bayi. Gwamnati ce ta zuba kuɗin, ban musa ba. Amma da ginin ya zube kafin kuɗin su iso, me za a gyara?

Aikinku ke nan, ku riƙe bango a tsaye. Ku zaɓi gini ɗaya, ɗaya tak. Ku binciki mai shi, ku kai gaisuwa fadar Maigari, ku je ofishin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, ku karɓi izini a rubuce kafin ku ɗaga fartanya. Daga nan sai rufi. Ruwan sama ne ke kashe tsohon gini: kwano ɗaya ya ɗage, yoyo ya jiƙa katako, gara ta shiga, tsuntsu ya ya da 'ya'yan cediya a tsagar bango, shekara kaɗan saiwa ta raba bulo biyu. Gayyar Asabar ɗaya, da adda da tsani da kafinta, ta fi taron manema labarai amfani.

Sai dai don Allah, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Kada ku laɓta wa tsohon bulo siminti, ku manna tayil, ku cire tagar katako ku sa ta alminiyom. Siminti yana kulle danshi a cikin bango, bulon ya yi ta marmashewa ta ciki ba ku sani ba. Kuma baƙo bai baro garinsu don ya kalli irin falonsa ba.

Kada ku manta kogi ba ya wasa. Kun ga ambaliyar 2012 da ta 2022, har titin Abuja ya yanke. Hotuna da takardu da wayar lantarki, duk a ɗaga su sama.

In an gyara, kada a rufe ana jiran ranar da gwamna zai zo yanke kyalle. A bar mai kifi ta soya a tsakar gida, mai kwalekwale ya ɗauki baƙi zuwa mahaɗa, 'yan makaranta su shigo kyauta. Ku zauna da tsofaffin da suka yi dako zamanin jiragen ruwa, ku naɗi hirarsu a waya tun suna raye. Kuɗin ƙofa kuwa, ko naira ɗari ce a shigar da ita littafi, a karanta wa kowa duk ƙarshen wata, don rigimar ma'aji ta kashe ƙungiyoyin matasa da yawa tun ba su sayi bandir ɗin kwano na farko ba.