Wanda ya bi 'yan ci-raninmu har New York

Na gode da kuka kawo tarihin Farfesa Paul Stoller, Ba'amurke mai nazarin al'adun jama'a, amma kun tsaya kan zamansa da bokayen Tillaberi, kun tsallake aikin da ya fi shafarmu. Mutumin nan ya zo Nijar a 1969 yana koyar da Turancin Ingilishi, ya iya Zabarmanci, daga baya ya zama malami a jami'ar West Chester ta Amurka. Daga farkon shekarun 1990 ya shiga zama da 'yan tebur na Nijar da Mali a unguwar Harlem ta New York, Hausawa da Zabarmawa, har ya fitar da littafinsa Money Has No Smell a 2002.

A ciki ya nuna yadda suke sarin huluna da riguna wajen 'yan Koriya da 'yan Sin, su sayar wa baƙaƙen Amurka masu ƙishin kayan Afirka. A 1994 magajin gari Giuliani ya tashe su daga titi na 125, aka mai da su kasuwar Malcolm Shabazz, ciniki ya ja baya.

Mu nan Tawa, da wuya ka samu gidan da babu mai ci-rani a Abijan ko Libiya, kuma da kuɗin da suke aikowa ake sayen hatsi lokacin bazara. Wallahi abin yana damuna a ce labarinsu yana kwance cikin Turanci. Malamanmu na jami'ar Abdou Moumouni da LASDEL, cibiyar binciken zamantakewa da ke Yamai, don Allah a mai da irin wannan bincike Hausa, a karanta shi a gidajen rediyo.