"Baba, ai kat-kat ce"

Tunda kowa ya riga ya ga bidiyon motata da ta maƙale a yashi a WhatsApp, bari ni ma in faɗi nawa.

Hilux ce tsohuwar yayi, mai shan gazuwal, injin 3L, shigowar Kwatano, ta bi hannuwa kafin ta iso gare ni. Dillalin, kun san shi, cewa ya yi, "Alhaji, mai kawai za ka zuba." Da safen farko ta ƙi tashi. Mai gareji ya ce da hunturu ba a murɗa makulli kai tsaye, sai an jira ƴar fitilar nan ta mutu, bujin ɗumama inji sun yi zafi. Allurar mai kullum rabi take nunawa, ko tanki cike ko wayam. In ta shaƙi iska, akwai ɗan famfo a kan filtar gazuwal, ka yi ta danna shi har ya yi tauri. Ƙofar direba kuma ba ta kama sai an doka ta. Duk na shanye, tunda a Zango an fara ce mini mai kat-kat, wato mota mai ja da tayoyi huɗu duka.

Ran Lahadi, ranar kasuwar Mirriya, surukina ya ce in kai shi ya ɗauko gero a wani ƙauye can gaba. Kilomita 18 na kwalta lafiya lau. Baba na gaba da carbinsa, yayan matata na baya a tsaye. Da muka sauka kwalta muka iso wani kori mai yashi, Baba ya ce, "Ɗana, nan ko manyan motoci kwana suke, mu zagaya." Na ce, "Baba, ai kat-kat ce." Har da ɗan murmushi na faɗe ta. Na ja ƙaramin giya zuwa L4, wato giyar kat-kat mai ƙarfi, na shiga.

Tsakiyar korin ta tsaya. Na taka, tayoyin baya suka hau tono, na gaba ko motsi. Na ƙara takawa, gindinta ya ƙara zama, hayaƙi baƙi ya turnuƙe, yashi ya cika wa Baba babbar riga ta taga. Bai ce komai ba, ya kakkaɓe, ya ci gaba da jan carbi. Da ma zagina ya yi.

Wani yaro mai kiwon awaki, bai fi shekara goma ba, ya matso ya ce, "Kawu, ba ka kulle gaba ba." Na ce to, na buɗe ƙofa na doka ta da ƙarfi. Ya ce, "A'a Kawu, gaba." Na ce masa haka ƙofar take, ya je ya kula da awakinsa. A gaban surukina na faɗa, da muryar mai mota.

Shi kuwa yayan matata, mutumin da tun sunan autarmu yake riƙe da jika goma sha biyar nawa, ko tafin hannunsa bai ɗora a motar ba. Mutanen da ke hanyar kasuwa sun ajiye kayansu suna turi, har da wata tsohuwa mai tallar goro, shi yana gefe da waya yana sharhi: kilaci ne, a'a giya ce, da ma shi tun ranar da ya ji ƙarar injin ya san za a rina. Wanda bai taɓa tuƙa abin da ya wuce kabu-kabu ba, shi ma ɗin na aro. Kuma ku duba bidiyon da kyau, duk inda nake durƙushe ina tono da hannu ya matso da kyamara, inda nake ba da umarni kuwa ya yanke.

Aka kira mai amalanken shanu. Ya ce jika uku, aka tsaya a biyu. Ya ɗaura igiya a bamba, ya daka wa shanun tsawa, suka yunƙura. Bamba ta bi su. Mota na nan inda take. Kuɗinsa kuwa bai rage ko dala ba, wai shi ja aka ce ya yi, ya kuma ja.

Ana cikin salati sai na ga yaron nan tsugune gaban taya. Akwai wani ɗan marfi a tsakiyar kowace tayar gaba, an rubuta FREE da LOCK. Ya murɗa na dama, ya zagaya ya murɗa na hagu, ya koma gefe. Ashe a irin waɗannan tsofaffin, ko ka sa L4, in ba a kulle nan ba ƙarfin inji ba ya kama tayoyin gaba, shafti ne kawai ke juyi a banza. Na taka a hankali, ta fito kamar kan kwalta take. Dillalin da ya karɓi la'ada bai ga ya dace ya faɗa mini wannan ba.

Baba ya ba yaron dala ashirin, ya sa masa albarka mai tsawo, sannan ya juyo ya ce, "Ɗana, ko a tafi da shi, akwai wani korin a gaba."

Bambar na gareji, dillali ya daina ɗaga wayata. Jiya kuma yayan matata ya aiko wai in ara masa motar ran Alhamis, zai kwaso kaya a Kasuwar Dole. Ban ba shi amsa ba tukuna.