Biranen Sin da ba kowa, ba mutane ne suka ƙare ba

A fada nan Damagaram kullum sai ka ji ana cewa wai sabbin biranen Sin da ke wayam, mutanen ne suka tsufa suka ƙare, abin yana damuna gaskiya. Na gane dalili, dokar da ta hana yawancin ma'aurata a Sin haihuwar fiye da ɗa guda ta kai har 2015, yau yaro ɗaya ke ɗawainiyar uwa da uba da kakanni. Amma ba shi ya sa gidajen ba kowa ba. Shekaru da dama hukumomin garuruwa da saida filaye suka riƙa samun kuɗi shi ya sa aka yi ta gini ba tsayawa, mutane kuma suka riƙa sayen gida don ajiyar dukiya, kamar yadda ake sayen fili bayan gari a zagaye shi da katanga a bar shi. Kangbashi ma, wani sabon gari a arewacin Sin da aka fi misali da shi, da aka kai makarantu masu kyau mutane sun tare.