Mun auna G a Jamus, amsarmu ta kauce, aka ba mu maki

Satin da ya wuce aka saka mu firaktikal ɗin Cavendish, wato gwajin auna G, lambar da ke nuna ƙarfin jan da ke tsakanin kowane abu biyu masu nauyi, ni da wata 'yar ajinmu Bajamushiya, kuma har yau abin bai bar raina ba.

Ɗakin a can ƙarƙashin ƙasa yake, ba taga, an manna takarda a ƙofa kar kowa ya shigo. Na'urar wani ɗan akwatin gilashi ne a kafe jikin bango, a ciki an rataye ɗan sanda da siririyar waya kamar gashi, ƙananan ƙwallayen dalma biyu a bakinsa, a waje kuma manya biyu masu kilo ɗaya da rabi kowanne. Kana juya manyan sai su ja ƙananan, wayar ta murɗe, hasken leza ya bugi ɗan madubi ya faɗa kan ma'aunin da ke bango. Jan da ake nema ɗin bai kai kashi ɗaya cikin biliyan na Newton, ma'aunin ƙarfi, ba fa! Shi ya sa komai ɓata shi yake, taku, buga ƙofa, ɗumin jikinka in ka matsa kusa, har jirgin ƙasan cikin gari in ya wuce sai ka ga ɗigon hasken yana rawa. Lilo ɗaya kusan minti goma, ka zauna shiru sama da awa biyu kana rubuta lamba. Shi kanshi Cavendish, masanin Ingila da ya fara gwajin, a 1798 daga wajen ɗaki yake leƙen nashi da madubin hangen nesa, kuma manyan ƙwallayensa kilo 158 ne kowanne.

Mu dai muka samu 7.5 inda littafi ya ce 6.67. Wallahi hannuna har ya tafi zai gyara lambobi, kun dai san yadda muke yi a gida da zare da agogo in ana auna ƙaramin g, wato jan ƙasa, a fara daga amsar littafi 9.8 a koma baya. Yarinyar nan ta kalle ni ta ce me kake yi? Kunya ta kama ni. Muka rubuta yadda ya fito, muka yi bayanin hitar ɗakin da ta kunna a tsakiyar aiki da tazarar ƙwallayen da ba mu auna daidai ba, malamin ya ba mu maki mai kyau, ya ce ai manyan dakunan bincike na duniya ma har yanzu amsarsu ta G ba ta zo ɗaya ba.

Gaskiya a nan sun fi mu nesa ba kusa ba. Mu an koya mana tsoron amsar da ba ta littafi ba, su kuma an koya musu su nemo dalilinta. Eh suna da nasu, sanyin hali, ba mai tsayawa ya ja ka a jiki in ka rikice.

Amma kar wani ya ce yaranmu ba su da kai. Mutum nawa ne a kan zare ɗaya, ga ba wuta, ga malami da albashi bai shigo ba? Malaminmu na fiziks a sakandare da kuɗin aljihunsa ya sayo agogon tsayarwa, ya ɗaure dutse a reshen dalbejiya muna ƙirga lilo ashirin cikin ƙurar hunturu. Ina zaune a ɗakin nan ina kallon ɗigon lezar shi nake ta tunawa, mutumin da ya koyar da G shekara da shekaru a allo bai taɓa ganin na'urar da ido ba. Na ɗauki bidiyonta a waya, ina ta neman wanda ke da lambarsa in tura mai.