Ranar da hulata ta zama rabon birai

Bakina ne ya ja mini, ba kowa ba. Wata Juma'a da daddare muna zaune a majalisarmu ta unguwar Nima a Accra ana zagaya shayin ataya, sai taubashina ya fito da waya yana nuna hoton gadar igiya ta dajin Kakum da ke kudancin Gana. Wai Islamiyyar yaranmu za ta kai su yawon buɗe ido, ana neman iyaye uku su raka. Wani ya ce shi ko da kuɗi aka haɗa shi ba zai taka wannan abu ba. Ni kuwa kofi na uku ya riga ya hau mini kai, na ce ai wannan lilon yara ne, da gudu zan wuce shi. Ni fa tela ne. Abu mafi tsawo da na taɓa hawa a duniya shi ne gadar masu ƙafa ta Kaneshie, ita ma ina riƙe da ƙarfe nake tsallakawa.

Taubashi bai ce uffan ba. Washegari na ji an rubuta sunana, shi ma ya sa nasa.

Da yake ina so in jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, na ɗinka sabuwar farar shadda don in ɗauki hotunan tallar shago a Facebook. Na ɗora hular zanna da na saya wurin wani ɗan kasuwa da ke kawo kaya daga Kano, na zura takalmi sau-ciki mai santsin ƙasa. Uwargida ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Malam, daji fa za ku, ba ɗaurin aure ba." Na ce mata ado ba ya hana tafiya.

Bayan sallar asuba muka tashi. Cunkoson Kasoa ya ci rabonsa kamar kullum, muka wuce mahaɗar Winneba da Mankessim, yara na rera ƙasida suna buɗe ƙunshin wake da shinkafa. Daga Cape Coast muka karkata arewa wajen kilomita 30, sai ga mu a bakin dajin.

Jagoran da aka ba mu saurayi ne siriri mai takalmin roba, ya tara mu ya fara bayani. Tun 1931 aka keɓe dajin, a 1992 ya zama gandun ƙasa, faɗinsa wajen murabba'in kilomita 375. Gadar kuma a 1995 aka buɗe ta, kashi bakwai ce, tsawonta kusan mita 350, wani wurin tana nesa da ƙasa har mita 40. Duk sauran lissafin ya bi ta bayan kunnena, ban da wannan arba'in ɗin. Na juya ta zuwa yadi irin namu, na ga ta haura yadi 43. Wato babbar riga huɗu da 'yar ciki da wando, har da ragowar ƙyalle. Nan na fara jin cikina yana ƙugi, na ɗora laifin a kan wake.

Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne kafin ka ga gadar sai ka hau tudu. Hanya ce ta duwatsu da saiwoyi, a jiƙe, tana miƙewa sama kamar ba za ta ƙare ba. Zafin wurin ba irin na Accra ba ne mai dukan ƙeya. Rana ma da ƙyar take leƙowa ta tsakanin ganye, amma iska a cike take da ruwa, kai ka ce a madambaci aka sa ka aka rufe. Ba mu yi minti goma ba shaddata ta manne mini a baya. Takalmin nan kuwa duk taku biyu sai ya mayar da ni ɗaya.

Jagora ya tsayar da mu gindin wata bishiya da saiwoyinta suka fito kamar katanga, mutum zai iya ɓuya a tsakaninsu. Na samu wurin hutawa, na jingina. Ya nuna ta, wato ya nuna inda nake, ya ce da ƙarfi, "Wawa!" Kowa a Gana ya san katakon wawa, da shi aka yi teburin yankana ma, sunan itacen ke nan a bakin Ashanti. Amma ka faɗi wannan kalma gaban yaran Zango talatin kana nuna babban mutum? Taubashi ya ɗaga waya ya ce, "Tsaya nan, ɗan'uwa, in ɗauke ku tare, a ga wanda ya fi tsawo."

Na gyara tsayuwa don hoton, ashe a kan layin kwarkwasa na dasa ƙafa. Jagora ya yi gargaɗi tun a ƙasa cewa in an ga layinsu a tsallake, kada a tsaya, ni lokacin ina lissafin yadi. Ita kwarkwasa ba ta cizo tun a idon sawu. Sai ta bari ta hau, ta rarrabu a cikin wando, sannan kamar an busa musu usur su kama gaba ɗaya. Rawar da na taka a wurin, ko a bikina ban yi ta ba. Sai da na shige bayan saiwar wawan na yi abin da ya kamata.

Giwayen daji da ake cewa suna ciki, da birai da gada, ba mu ga ko ɗaya ba. Jagora ya ce ko ma'aikata ba kasafai suke ganin giwar ba, balle mu da muka zo da hayaniyar da ta fi ta tashar mota. Malam-buɗe-littafi dai mun gan su kala-kala, ga kukan tsuntsaye ta ko'ina.

Sai ga gada. Katako ne guda, faɗinsa bai fi taƙi ɗaya da rabi ba, an shimfiɗa a kan tsanin ƙarfe, raga ta igiya ta taso hagu da dama har ƙirji. Taku goma na farko lafiya lau, har ina ɗaga wa taubashi hannu. Sai wani yaro a bayana ya yi ɗan tsalle. Duniya ta karkata. Na yi kuskuren leƙa ƙasa, na hango kawunan bishiyoyi a ƙarƙashina kamar tulin alayyafo a kasuwar Nima. Gwiwoyina suka ce su nan suka tsaya. Na kama Ayatul Kursiyyu, ban kai rabi ba na tsinci kaina a cikin addu'ar cin abinci.

'Yata mai shekara tara tana gabana, ta juyo a natse kamar a tsakar gida take. "Baba, kada ka kalli ƙasa, kalli hijabina." Na sunkuya don in kalli hijabin, hula ta zame, ta daki bakin raga, ta tafi. Na bi ta da ido tana juyi a iska, tana ƙanƙancewa, har ganye ya haɗiye ta. Ban ji ƙarar saukarta ba, kuma wannan shirun ya fi komai tayar mini da hankali.

Da na isa dandamalin farko na rungume bishiyar kamar na ga ɗan'uwa da ya dawo daga Makka. Jagora ya matso ya raɗa mini cewa akwai gajeriyar hanya ga wanda bai iya bakwai ɗin ba. Allah ya saka wa yaron nan da alheri. Har na ɗaga ƙafa, taubashi ya ɗaga murya: "Yara, ku ba Malam hanya! Shi ya ce lilon yara ne, da gudu zai wuce!" Yara suka ɗauki tafi.

Bakwai na yi. Daga ta uku na cire takalma na cusa a aljihu, daga ta biyar na daina buɗe ido sai ɗaya. Wata tsohuwa Baturiya mai sanda ta jira ni a baya har ta gaji, tana ta ba ni haƙuri da Turanci.

Kafin motarmu ta dawo Kasoa bidiyon ya gama zagaya WhatsApp na unguwa. Mutum biyu sun kira suna tambayar kuɗin ɗinkin shaddar, ɗaya ya ce yana son irin wandon, tunda ya ga yana jure rawa.

Na shiga gida wajen ƙarfe goma, kai ba hula, riga ta koma ruwan ƙasa. Uwargida ta ajiye mini tuwo, ta zauna, ta daɗe tana kallon kaina.

"Malam, ina hular?"

Na ce na yi sadaka da ita.

Daga cikin ɗaki 'yata ta ce, "Wa biri, Mama."