Malam ya tafi yana bin ku bashi

Tun da muka dawo daga jana'izar Malam, tsohon malaminmu na firamare, ranar Asabar nake danne zuciyata, ina cewa a bari ƙasar kabari ta bushe tukuna. Amma da na ga an yanko wancan jawabin an ɗora a Facebook, har mutane suna ta tura shi suna cewa ga yadda ake karrama malami, sai na ga idan na ci gaba da yin shiru to da ni aka haɗa baki. Waɗanda suka halarta sun ji da kunnensu. Jami'in da aka turo ya karɓi lasifika a gaban akwatin gawa, ya ce Malam mutumin Allah ne wanda abin duniya bai taɓa damunsa ba, bai taɓa zuwa ofis ya ɗaga wa kowa murya ba, kuma dama ladan malami a sama yake, yanzu ya tafi ya karɓa. Aka tafa masa. A layin gaba kuwa Mama tana zaune tsakanin matan zumunta, ta rufe fuska da gefen zane, kuma ta san abin da shi kansa jami'in ya sani, wato kuɗin sallamar mijinta suna nan ba a biya ba, shekara fiye da goma bayan ya ajiye alli.

Wannan magana ta ladan malami yana sama ita ce ta hana ni barci. An ɗauki tsoron Allah da mutum ya rayu a kansa, an mayar da shi hujjar cinye masa haƙƙi, sannan aka zo kan gawarsa ana yaba masa saboda bai yi rigima ba. Malam ya yi imani da ladan sama, wannan babu wanda zai yi musu, domin a kansa ya gina rayuwarsa tun daga ƙuruciya. Amma lokacin da aka ɗauke shi aiki ba a rubuta masa a takarda cewa sai a lahira za a biya shi ba. An rubuta albashi, an rubuta fansho, an rubuta giratuti, wato kuɗin sallama. Abin da ke tsakaninsa da Ubangijinsa daban, abin da ke tsakaninsa da hukuma daban, kuma wanda ya riƙe na biyun ba shi da bakin da zai yi wa'azi da na farkon.

Ni Musulmi ne, kuma a hannun Malam na koyi riƙe fensir. Ya fara koyarwa a zamanin UPE, shirin ilimin firamare kyauta da gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar a 1976, lokacin da aka cika azuzuwa da yara alhali babu isassun malamai, aka riƙa kwasar samari masu takardar koyarwa ta Gired Tu ana tura su ƙauyuka. Da yawa daga cikin abokansa sun yi amfani da aikin a matsayin tsani, suka koma sakatariya ko kwastan ko siyasa. Shi ya zauna a garinmu har ya cika shekara 35 ɗin da doka ta yanke a wancan lokaci. Kullum da sassafe yakan iso kafin kowa, ya jingine kekensa, ya ɗauki guntun ƙarfe ya buga tsohon ƙarfen tayar mota da aka rataye a jikin darbejiya, wanda shi ne ƙararrawarmu. Ranar Asabar yakan fasa matattun batira ya kwashe baƙin cikinsu, ya kwaɓa, ya shafe allunan azuzuwa da hannunsa don rubutu ya fito ranar Litinin. Har yanzu ina iya ganin farcensa da wannan baƙin, wanda ba ya gama fita kafin Lahadi, da shi yake buɗe littafin waƙoƙi a majami'a.

Ranar Lahadi kuwa kowa a garin ya san inda za a same shi. Shi ke share majami'a tare da yara, shi ke koyar da makarantar Lahadi, shi ke ƙirga kuɗin baikon da masu ibada suka bayar bayan an tashi daga sujada, ya rubuta kowace naira a wani dogon littafi mai jan bango, kuma a duk shekarun da ya riƙe wannan littafi ba a taɓa jin kwabo ya yi ciwon kai ba. Idan fasto ya yi tafiya shi ke hawa bagadi. Da azumi ba ya cin komai a gabanmu, ranar Juma'a kuma shi ke kora mu da wuri, yana cewa duk wanda ya gani yana wasan langa lokacin da ake huɗuba zai gamu da shi ranar Litinin. Tsofaffin unguwa, Musulmi da Kirista, gidansa suke kai wasiƙar da ɗansu ya aiko daga Legas ko katin asibiti don ya karanta musu. Irin wannan mutum ne aka sa ya yi ta zarya yana neman abin da ya riga ya yi wa gumi.

Irinsa ba baƙi ba ne a ƙasar Hausa, ko da yake akwai yaran yanzu da ke mamaki idan suka ji Bahaushe yana zuwa coci. Tun 1929 cocin Wusasa yake tsaye da ginin ƙasarsa a gefen Zariya, tun 1932 aka kammala fassara Littafi Mai Tsarki da Hausa, kuma daga irin waɗannan gidaje na malaman makaranta da masu bishara aka sami Dakta Dikko, likita na farko daga Arewa, da Farfesa Ishaya Audu da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, da Janar Yakubu Gowon wanda ya tashi a Wusasa. Muna tunawa da waɗannan saboda sun yi suna. Waɗanda suka zauna a ƙauye suna koya wa 'ya'yan manoma baƙi da wasali, su ne ba a tunawa da su sai ranar da za a binne su, a zo a yi ihu bayan hari.

Akwai ranar da ba zan manta ba. Na je sakatariya wata sabga tawa, sai na hango shi zaune a kan benci a baranda cikin layin tsofaffi, an kira su tantancewa, wato su zo su nuna cewa suna raye. Yana rungume da baƙar leda. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, me ya fito da kai cikin wannan rana?" Ya buɗe ledar ya nuna mini: takardar ɗaukar aiki da ta koma ruwan ƙasa, takardun ƙarin girma, takardar ritaya, da ƙananan hotuna guda huɗu, kowace takarda an yi mata hoto sau uku domin an sha ce masa ta ɓace. Tun asuba ya fito, kuma kuɗin motar ma rance ya yi. Na ce bari in shiga in yi magana da wani da na sani. Ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, bar su, waɗannan duk da ke kan bencin nan sun riga ni zuwa. Ubangiji yana sane." Yaron da ke kiran sunaye ta taga, wanda ko ɗaga kai bai yi ba da ya kira sunan Malam, ɗan garinmu ne, kuma a ajin Malam ya koyi rubutun da yake ci da shi.

Wannan "Ubangiji yana sane" ita ce aka juya ranar Asabar aka ce abin duniya bai dame shi ba. Ya dame shi. Mutumin da hawan jini ya kama, yana raba ƙwayar magani biyu don ta kai shi ƙarshen wata, yana da 'ya'ya a makaranta da rufin ɗaki mai yoyo, ba za a ce kuɗinsa ba su dame shi ba. Abin da bai iya ba shi ne zagi, da ba da na goro don a ɗaga fayil daga ƙasa zuwa sama, domin ya yi shekaru yana gaya wa yara ranar Lahadi cewa cin hanci zunubi ne, kuma ba zai je ranar Litinin ya ba da shi ba. Waɗanda suka san hanya an sallame su tuntuni. Shi da ya riƙe gaskiya aka bar shi a layi, aka kuma kira hakan haƙuri. Ya yi haƙuri, amma bai ce ya yafe ba, kuma ko da ya yafe nasa, akwai na Mama da na marayu a ciki.

Na san abin da za a rubuto mini a ƙasa. Za a ce babu kuɗi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kason da jihohi da ƙananan hukumomi ke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru ƙwarai, kowa ya sani, kuma motocin da suka zo jana'izar nan ba da ruwa suka zo ba. Za a ce ba shi kaɗai ba ne, haka ake yi a ko'ina. Wannan ai ƙara nauyin laifin yake yi. A Abuja kanta, inda fadar shugaban ƙasa take, malaman firamare sun shafe fiye da wata uku suna yajin aiki a 2025 a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu tun Yulin 2024. Za a ce an gyara wa malamai, tunda a ranar 5 ga Oktoban 2020 Shugaba Buhari ya yi alkawarin tsarin albashi na musamman, a 2022 kuma aka yi dokar da ta kai shekarun ritayarsu 65 na haihuwa ko 40 na aiki. To a je a tambayi malamin ƙauye abin da ya shiga aljihunsa daga wancan alkawari. Ƙara wa mutum shekara biyar a gaban allo, alhali wanda ya riga shi sauka yana zaune a benci da leda, ba zai kwantar wa kowa da hankali ba. Kuma hukuma ta iya sauri idan ta ga dama: a 2017 an yi wa malaman firamare jarrabawa a Kaduna, aka ce fiye da 21,000 sun faɗi, kuma ba a ɗauki shekara goma ana neman fayil kafin a sallame su ba.

Za a kuma ce gidan makoki ba wurin wannan magana ba ne, a bar mamaci ya huta. Ba ni na kawo maganar lada gidan makoki ba. Wanda ya riƙe lasifika ne ya kawo ta, kuma tunda ya zaɓi ya yi magana da harshen addini, to a amsa masa da shi. Littafin da Malam yake karantawa kowace safiya ya ce ma'aikaci ya cancanci ladansa, ya kuma hana a bar ladan ɗan ƙodago ya kwana a hannun wanda ya sa shi aiki. Mu kuma an koya mana a ba ma'aikaci haƙƙinsa kafin guminsa ya bushe. Duk ta inda jami'in nan ya bi, masallaci ko majami'a, hukuncin da zai tarar ɗaya ne. Gumin Malam ya bushe, jikinsa ya bushe, an sa shi a rami, haƙƙinsa yana cikin durowa.

Wani zai ce ku ɗalibansa me kuka yi masa. Wannan tambaya tana da ciwo, kuma na karɓe ta. Mun kai masa buhun masara da Kirsimeti, mun haɗa kuɗin asibiti sau biyu, kuma da mun so da mun yi fiye da haka, domin a cikinmu akwai lauya, akwai ma'aikatan gwamnati, amma babu wanda ya ɗauki fayil ɗin nan ya mayar da shi aikinsa. Mu ma mun fake da haƙurinsa. Duk da haka abin da muka ba shi kyauta ce, kuma ya karɓa yana sunkuyar da kai, mutumin da ya saba shi ke bayarwa. Da an ba shi nasa, da ba sai ya jira buhun kowa ba. Ambulan ɗin da aka miƙa wa Mama a gaban kyamara ma haka take: gudummawa ce, an gode, amma kada wani ya rubuta a zuciyarsa cewa ya rage bashi.

Saboda haka ina roƙon duk wanda ya tura wancan bidiyo ya sake saurarensa, ya kuma tambayi kansa ko zai yarda a yi wa mahaifinsa wannan jawabi. Jiya na koma gidan. Mama ta fito mini da ledar nan daga ƙarƙashin katifa, ta ce, "Ga kayan Babanku, ni ban san kan takarda ba." Yanzu sai an ƙara da takardar shaidar mutuwa da ta magada daga kotu kafin a saurare mu, kuma mu huɗu daga cikin ɗalibansa mun yi alkawarin ranar Litinin za mu fara. Da zan fito na biya ta makarantar. Darbejiyar tana nan, ƙarfen tayar ma yana rataye, sai dai rufin aji uku da aji huɗu iska ta yaye shi tun daminar bara, yaran suna zaune a ƙasa a gindin bishiyar, wata matashiyar malama tana rubuta musu a jikin bango da gawayi. Na tambaye ta ko ta san Malam, ta ce shi ya koyar da mahaifiyarta.